Shekarar da Na Sare Kurmin Zulai

Ku duka kun tashi kuna jin ana cewa ruwa ne ya cinye gonar Gwaggonku Zulai ta Utai. Ni ma da bakina na sha faɗin haka, a wajen ɗaurin aure da zaman makoki, duk inda maganar ta taso. Ba ƙarya ce zalla ba, don ruwa ya zo. Amma ruwa yana zuwa Utai kowace damina tun kafin a haifi kakanku, bai taɓa ɗaukar gonar nan ba sai da na sa hannu a cikinta. Yanzu da ƙafa ta yi nauyi, ido ya fara hazo, ina so in rubuta muku yadda abin ya faru tun daga tushe.

A lokacin ina malamin gona, na haura shekara ashirin a bakin aiki. Abin da ba ku cika sani ba shi ne, ni ba ɗan manomi ba ne. Kakanku tela ne a bakin kasuwar Wudil, a gindin kekensa muka girma ni da Zulai. Noma a makaranta na koye shi, a allo da littafi, kuma na fita da sakamako mai kyau, wannan ya sa nake ganin babu abin da ƙasa za ta ɓoye mini. Shekarun nan jami'ar Wudil tana ta bunƙasa, malamanta da ma'aikatanta suna sayen 'yan gonaki a Dagumawa da Achika, mutanen da yawancinsu ba su taɓa riƙe fartanya ba. Wurina suke zuwa. Sai ka ga mutum mai digiri uku ya tsaya cikin rana yana rubuta abin da nake faɗa a ɗan littafinsa. Ba zan ɓoye muku ba, abin yana yi mini daɗi ƙwarai, kuma daɗin nan ya shiga kaina.

A cikin wannan yanayi mijin Zulai, Malam Sani, wanda yake direba a jami'a, ya rasu bayan 'yar gajeriyar jinya. Ya bar mata 'ya'ya huɗu, babbansu Kabiru yana sakandare. Da aka biya haƙƙinsa na aiki, kowa ya kawo shawara. Wani ya ce injin markaɗe, wata ta ce keken ɗinki tunda 'yar tela ce. Bayan ta fita takaba ta zo gidan nan, ta zauna a kan tabarma a ƙofar ɗakin Ummanku, ta ce da ni:

"Yaya, ni gona nake so. Abin da nake tsoro shi ne in wayi gari ina awon abincin marayun nan a kasuwa. In dai da hatsi a ɗaki, sauran mai sauƙi ne."

Na ce, "Kin san noma ne, Zulai?"

Ta yi dariya, karon farko tun rasuwar. Ta ce, "To kai aikin me kake yi?"

Ni na samo mata gonar. Eka huɗu ce a bayan Utai, ta ɗan gangara zuwa wani rafi da ke malalawa babban kogi. Daga sama akwai gawo guda biyar a warwatse da ɗorawa uku manya. Daga ƙasa kuwa, tsawon gaɓar rafin, kurmi ne: kanya, ɗinya, tsamiya, marke, sarƙaƙiya ta ɗaure su, ciyawar gamba da jema sun rufe ƙasa har bakin rafin. In ka shiga ciki da tsakar rana sai ka ji kamar an yayyafa maka ruwa. Akwai amya biyu a kan wata kanya, fakara tana tashi daga ƙarƙashin ƙafarka. Zulai ta tsinci kanya ta cika bakin mayafinta tana sha kamar yarinya. Ni kuwa ina tsaye ina auna wurin da ido, abin da na gani kawai shi ne kashi ɗaya cikin huɗu na gonar marayu yana zaune ba ya ba da ko zangarniya ɗaya, ga itatuwa a tsakiya da za su hana tarakta juyawa.

Maƙwabcin gonar wani dattijo ne, Baba Tanko, gajere mai farin gemu, wanda aka haifa a Utai bai taɓa zama wani gari ba. Da ya ji labarin abin da nake shirin yi, ya tako ya same ni a kan iyaka. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya yi mini ta'aziyyar surukina, ya tambayi marayu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya shiga haƙa ƙasa da sandarsa.

"Malamin gona, na ji an ce za a buɗe bakin rafi."

"Haka ne, Baba. Wurin yana da ƙarfi, masara za ta yi kyau."

"Ƙarfi kam akwai shi. Amma rafin nan da kake gani a bushe, ba ka san shi ba. In Agusta ta yi, nan yake karyo kwana, gaɓar nan yake duka. Saiwar itatuwan nan ce take riƙe da ita. Mai gonar na da, har ya mutu bai taɓa kai gatari wurin ba, kuma ba don ba ya son masara ba."

Na ce masa yanzu zamani ya canja, akwai yadda ake ja wa ruwa hanya. Na yi masa bayani mai tsawo, har da kalmomin Turanci da na san ba zai gane ba. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "To, Allah ya sa a dace," ya juya.

A gida ma ban rasa mai faɗa mini ba. Ummanku Binta 'yar Achika ce, a gona ta girma. Tana tankaɗe na ba ta labari, ta ɗago ta ce:

"Malam, har gawon? A garinmu ba a saran gawo. Da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana, kuma duk geron da ke gindinsa ya fi na ko'ina."

Na ce, "Shi ya sa har yau garinku da jaki ake kai taki."

Na ga maganar ta soke ta. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tankaɗenta, ba ta sake sa baki a zancen gonar ba. Ita ma Zulai sai da ta ɗan ja. Ta ce, "Yaya, ko a bar na bakin ruwan, a sare na saman?" Na ce da ita gona ta saya ko daji? Na ce 'ya'yanta ba kanya za su ci su ƙoshi ba. Sai ta ce:

"Kai ka sani, Yaya. Yadda ka gani."

Da bazara na kawo masu gawayi da injinsu na yankan itace. Kwana huɗu suka yi. A rana ta biyu, da suka nufi ɗorawa, sai ga matar Baba Tanko, Iya Abu, da wasu mata uku. Ita ce mai daddawar Utai, kuma tun zamanin mai gonar na da su suke roron ɗorawar nan, su ba shi rabonsa. 'Ya'yan sun yi jere a sama, sun fara ja amma ba su gama nuna ba. Ta durƙusa daga nesa ta gaishe ni, ta ce:

"Malam, ba hana ka muka zo yi ba, gonarku ce. Mako biyu kawai za ka ƙara mata, ta nuna mu kaɗe, sai ka sare."

Na ce an riga an sa wa mai tarakta rana, ba zai jira ba. Gaskiya ce, amma da na so da na ɗaga. Ba su tafi ba, suna tsaye har ta farko ta faɗi. Suka shiga cikin rassan suna tsinkar ɗanyun 'ya'yan da suka san ba za su yi musu amfani ba. Da aka cinna wa sarƙaƙiyar bakin rafi wuta, zuma ta tashi ta kori ma'aikata, muka yi ta dariya. Har da ni a masu dariyar.

Daminar farko masara ta yi abin da ban taɓa gani ba. Ƙasar kurmin nan baƙa ce wuluk, shekaru aru-aru ganye yana ruɓewa a kanta, ga takin zamani na ƙara mata. Kara ya fi ni tsawo, goyo bibbiyu. Na ɗebo sababbin manoman nan na jami'a a bas guda na kai su, na tsaya a kan kututturen tsamiya ina yi musu lacca. Aƙalla biyar daga cikinsu sun koma sun yi wa gonakinsu irin abin da na yi. Ranar da aka kawo amfani, Zulai ta sa aka sauke buhun farko a gidan nan. Tana kuka tana dariya, tana cewa Allah ya bar mata Yayanta. Na kalli Ummanku don ta ga ni ne da gaskiya. Ta ce, "Allah ya sa albarka," ta shiga ɗaki.

Damina ta biyu amfanin ya ragu, na ce ƙarancin taki ne. Na ga wasu 'yan tsage-tsage suna gangarawa rafi, na sa aka cike su da ƙasa. A ta uku, cikin Agusta, aka yi kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ranar da ya ɗauke, da hantsi, Baba Tanko ya sa aka kira ni a waya, ya ce in zo da mai gonar. Na ɗauki Zulai a babur har inda hanya ta yanke, muka ƙarasa da ƙafa cikin taɓo. Tun daga nesa na ga sararin da bai kamata in gani ba. Duk inda kurmin yake a da babu shi, rafi ya koma gudana ta wurin. Daga nan wani kwazazzabo ya tsaga gonar ya hau sama, zurfinsa ya shanye mutum a tsaye. Abin da ya rage na masara yana kwance, yashi ya binne shi. Ga gonar Baba Tanko a manne da ita, ruwa ɗaya ne ya shige su, amma tasa ya shiga ya fita, ya bar masa laka a gindin itatuwa, dawarsa ta ɗan kwanta kawai.

Mutane suka taru suna jajantawa. Wani ya ce ƙaddara ce, wani ya ce bana ruwan ya yi yawa ko'ina. Na yi caraf na kama wannan maganar, na ce lallai ba a taɓa irin wannan ruwa ba. Baba Tanko yana nan tsaye, da ya so da ya kunyata ni a gaban jama'a da kalma ɗaya. Abin da ya ce kawai shi ne, "Allah ya mayar da alheri, 'yata." Zulai ta zauna a kan wani kututture tana salati. Ta dubi gonarta, ta dubi ta Baba Tanko, ta daɗe tana duban ta, sannan ta juyo ta dube ni. A hanyar dawowa tana bayana a babur, har muka iso Wudil ban ji muryarta ba.

Abin da ya biyo baya kun ga wani da idonku, ko da ba ku san dalilinsa ba. Gwaggonku ta koma suyar awara a ƙofar gida. Kabiru, wanda ya gama sakandare yana shirin ci gaba da karatu, ya ajiye takardunsa ya bi masu tifa da ke ɗiban yashi a bakin kogi, daga yaron mota har ya zama direba. Na taimaka da abin da zan iya, tana karɓa ta yi godiya. Zumunci bai yanke ba, kowace Sallah tana nan da tuwonta, Yaya sama Yaya ƙasa. Amma daga ranar nan ba ta sake neman shawarata a kan komai ba, ko da a kan auren 'yarta ne. Sai dai in ji an gama magana a zo a sanar da ni.

Sai da na shekara guda ina kewaye Utai kafin na iya zuwa ƙofar Baba Tanko. Na same shi yana gyaran igiya a zaure. Na cire takalmi na tsuguna, abin da ban yi ba a haɗuwarmu ta farko.

"Baba, na zo a koya mini."

Ya ce, "Malamin gona guda?"

Na ce, "Shi."

Bai ƙara ko kalma a kan abin da ya wuce ba. Ya ɗauki sandarsa muka tafi gonar. Ya nuna mini kututturan da na ɗauka sun mutu, ga toho yana fitowa a gindinsu, wanda kowace shekara nake sa a sassabe. Ya ce saiwar tana nan da rai, kada in wahalar da kaina da dashe tukuna, in zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a kowane gindi in bar su, in kare su daga awaki. Ya nuna mini yadda ake dasa jema da gamba a gicciye don su tare ƙasa, da inda za a jera duwatsu a bakin kwazazzabon. Ya ce a daina masara zalla, a koma gero da wake, a kuma yi magana da Fulanin da ke sauka da rani su kwana da shanunsu a wurin. Babu ɗaya daga cikin wannan da yake sabo. Wasu ma suna cikin littattafan da na karanta, a shafukan da ban ɗauke su da muhimmanci ba.

Daga shekarar na canja abin da nake koyarwa. Duk sabon manomin da ya zo, kafin mu yi zancen iri ko taki, sai mun zaga gonar da ƙafa, mun ga ta inda ruwa yake bi, mun san sunan kowace bishiya da wanda yake amfana da ita, sannan in kai shi ya gaida dattijon da ke maƙwabtaka da shi. Na bi mutanen nan biyar ɗaya bayan ɗaya. Uku sun saurare ni. Wani farfesa a Dagumawa, da iska ta riga ta fara kwashe masa ƙasa, ya tare ni a bakin motarsa ya ce:

"Malam, ba kai ne ka tsaya a kan kututture ka ce mu sare ba?"

Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

Ya ce, "To yau kuma wanne zan ɗauka?" Ya shiga mota ya tafi. Ban ga laifinsa ba.

Bayan na yi ritaya, ragowar gonar Zulai ta zama wurin zuwana. Shekara takwas ina yi. Kwazazzabon ya daina ci gaba, ciyawa ta rufe bakinsa, tohon gawo da marke suka fi ni tsawo, na dasa ɗorawa da kanya da tsamiya ƙanana da na raina a leda a bayan gidan nan. Ana samun ɗan gero, ina aika mata. Sau da yawa na ce ta zo ta gani, takan ce sai ta samu sarari. Ba ta sake taka wurin ba.

Da ciwonta na ƙarshe ya tsananta, na je wata rana bayan la'asar na tarar ita kaɗai ce a ɗaki, an jingina ta da filo. Ta rame har na kusa kasa gane 'yar'uwata. Na zauna a bakin gado na ce ina da magana.

"Zulai, gonar nan ba ruwa ne ya ci ta ba. Ni ne. An faɗa mini, Baba Tanko ya faɗa, Binta ta faɗa, ke ma kin faɗa. Girman kai ne ya hana ni ji."

Ta ce, "Na sani, Yaya. Tun ranar da na ga ta Baba Tanko a tsaye na sani."

"Me ya hana ki faɗa mini, shekara da shekaru?"

Ta amsa, numfashi yana yi mata wuya.

"Ba uba, ba miji. In na faɗa maka muka ɓata, wa ya rage mini?"

Na kasa riƙe hawaye. Ita ce ma take ba ni haƙuri. Ta ce ta yafe duniya da lahira, ta san alheri na nufa. Sannan ta ce ta ji labarin itatuwan sun tashi, in yi ƙoƙari kada yara su rabu da wurin. Na ce in Allah ya yarda. Bayan kwana tara ta rasu.

Ba a yi shekara ba Kabiru ya zo. Ya zama magidanci, ga ƙannensa a wuyansa. Ya gaishe ni a ladabce, ya zauna a ƙasa, ya ce masu yashi suna son sayen wurin, saboda yashin da rafi ya tara a inda kurmin yake. Ya ce shi da ƙannensa sun yi shawara sun amince. Na ce masa in aka fara haƙa a nan, duk abin da aka gyara zai rufta, har gonakin maƙwabta. Na faɗa masa abin da mahaifiyarsa ta ce. Kansa a ƙasa, bai ɗaga murya ba, ya ce:

"Kawu, da gonar tana nan yadda Umma ta saye ta, wallahi ko an ba ni duniya ba zan sayar ba."

Haka aka sayar da wurin. Ina roƙonku kada ɗayanku ya riƙe Kabiru da wannan. Haƙƙinsu ne, kuma ba shi ya fara ɓata wurin ba.

Manyan itatuwan ba sa ciruwa, haka na bar su. Ƙananan da na dasa daga baya na haƙe da ƙasarsu, guda goma sha ɗaya, na naɗe gindinsu da buhu. Akwai wata malamar firamare da ta sayi 'yar gona a Achika, ta ce tana so. Ina tsaye ina tunanin yadda zan kwashe su a babur, sai ga tifa ta tsaya. Kabiru ne. Ya sauko ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ya jera a bayan motar, ya buɗe mini gaba na hau. Direbobin tifa kun san yadda suke gudu, amma ranar a hankali ya riƙa tafiya, yana kauce wa kowane rami. Mun yi nisa kafin ya yi magana, idonsa a kan hanya.

"Kawu, za su rayu kuwa?"

Na ce, "Wasu za su rayu."

Huɗu ne suka rayu, ɗorawa biyu, kanya ɗaya, tsamiya ɗaya. Duk sanda muka haɗu da Kabiru, a masallacin Juma'a ko wajen wani biki, bayan mun gaisa yakan ce, "Kawu, ya itatuwan?" In ce suna nan, sun ƙara tsawo. Ya ce madalla. Sai kowa ya kama hanyarsa. Iyakar hirar da ta rage tsakanina da ɗan Zulai ke nan, kuma kullum ina addu'a kada ya daina tambaya.